Kiɗan Bayan Rumbu

Ƙaura Namoda,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga taubashina Zakariyya tela, Shinkafi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da wannan hannun naka na hagu da ya yi maka yaji shekara biyu ke nan bai dawo ba. Allah shi ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ka cire zaman banza. Hukuma ta yanke sabis ɗin waya, ta rufe kasuwa, har ta kai dillali irina yana yi wa matarshi tallar tsohuwar fanka don kada baki shi yi tsatsa. Rabona da biro tun ina aji uku na sakandare, sai ka yi haƙuri da rubutun. Tambari direba zai miƙa maka.

Na je Zurmi duba Yaya Luba. Zakariyya, jikin ya ƙi. Tun da 'yan bindiga sunka tare mota sunka kashe mata ɗanta Sirajo ba ta ƙara zama daidai ba. Ƙafa ta kumbura, abinci sai an yi faɗa. Ranar sadakar uku ta miƙo mani jitarshi ta ce in fitar mata da ita daga gida, ko in sayar ko in ƙona. Na ce mata an gama. Ƙarya nake, tana cikin shagona a naɗe cikin buhu. Kada ka yi mani kyakkyawan zato, mai saye ne ban samu ba.

Wanga zuwan, ina shirin tashi sai ta ce, "Armiya'u, wanda ka sayar ma abin nan, ya iya kaɗawa?"

Na ce, "Mi ya faru, Yaya?"

Ta ce, "Kiɗan da Sirajo yake yi bayan rumbu. Shekara bakwai ina zaginshi a kanshi, yanzu kuma shirun ya hana ni sakat. So nake in ƙara ji, ko sau ɗaya."

Ka san wayarshi da duk abin da ya ɗauka a ciki ta tafi da waɗanda sunka kashe shi. Ni kuma bakin kasuwa ya riga tunani. Sai ji na yi na ce, "Ai tana hannuna, kuma ni ma na ɗan iya." Ta dube ni irin kallon da take yi mani ina yaro in na ce ba ni na sha nono ba.

To ga ni. Kai ka zauna Maraɗi ka koyo wanga abu, kai ka koya ma Sirajo, kai dangi sunka ce ka ɓata shi tunda kiɗa ba gadonmu ba ne. Ni ma ina cikin masu faɗa, ban manta ba. Yanzu sai ka daure ka ɓata ni. Amma ba ni da lokacin fara karatu daga baƙi. Na taɓa jin kiɗan ta bayan katanga, gudu yake kamar ana zuba gero a kwano. Gudun nake so. Kowace sana'a tana da ƙofar baya, ka nuna mani ta wannan.

Naka,
Armiya'u.

Shinkafi,
19 ga Satumba.

Zuwa ga Armiya'u, sarkin ƙarya na Ƙaura.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Hannu yana nan inda ka san shi, a kan cinya. Da yana motsi da ban bar ka ka taɓa jitar nan ba, da ni zan je ma Luba ko da rarrafe. Na karanta takardarka. Yaron nan Sirajo in ya zo Shinkafi a ƙofar shagona yake wuni.

Babu ƙofar baya. Ko da akwai, Sirajo bai bi ta can ba.

Ka fara da abin kaɗawa, mu farce muke ce mashi. In babu cikin buhun, ka yanko daga robar da ake ɓallo layin waya a jikinta, tunda yanzu ba ta da wani aiki. Kamar ƙwayar kabewa, ka goge bakin da dutse. Ka riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, kamar mai ɗibar gishiri, ba kamar mai riƙon wuyan ɓarawo ba. Kanshi kaɗan zai leƙo.

Ka kaɗa tsirkiya ɗaya, ƙasa, sama, ƙasa, sama. Kada ka yi ƙasa sau biyu a jere, ko hannunka ya roƙe ka. Duk wanda ke saukowa kawai, tafiya biyu yake yi a kan saƙo ɗaya. Wuyan hannu ke aiki, kafaɗa ba ruwanta.

Ba ka da abin auna lokaci, amma kana da matarka Naja'atu. In ta fara daka ka zauna kusa. Taɓarya ta sauka, kai ma ka sauka. Ta ɗaga, ka ɗaga. Ka aje tsakuwa goma gabanka. Ka yi layi ɗaya ba kuskure, ka ture guda. Ka yi kuskure a ta tara, ka mai da su duka. Sai goma sun ƙetare za ka ƙara sauri, shi ma kaɗan.

A bayan takardar na zana maka kiɗan layi-layi, kowane layi da zare shida, su ne tsirkiyoyi, na farko shi ne ta sama in ka rungume ta. Lambobin kuwa gaɓoɓin wuyanta ne, kamar na rake, inda za ka danna. Kada ka murɗa kunnuwanta tukuna. Kuma don Allah kada ka kai kiɗa gaban mutane sai hannu ya nuna. Na san ka da son taro.

Ka gaida Luba in ka samu mai zuwa.

Zakariyya.

Ƙaura Namoda,
10 ga Oktoba.

Malam Zakariyya, tunda ka zama malami.

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Mu muna nan, an fara yankan gero, waɗanda gonarsu ke kusa da gari ke nan. Na nesa sai dai su hango.

Sati uku ke nan ina bin umarninka kamar sabon soja. Naja'atu ta fara da dariya, ta koma tsaki, yanzu kuma in na makara ita ke cewa, "Makaɗi, turmi na jira." Maƙwabta sun ɗauka rufe kasuwa ne ya taɓa mani kai. Liman ya tare ni bayan la'asar ya ce ya ji wani labari, na ce gyara nake ma mai ita, ai ka san dole a gwada kaya.

Yatsuna sun fashe sun warke sun yi kanta. Tsakuwar nan taka kuwa, Allah shi isa. Ranar Talata na kai tara sau huɗu. A na biyar na duba hagu na duba dama na ture ta goma da ƙafa. Sai na tuna babu wanda nake cuta, ba mai saye, ba mai sayarwa. Na mai da su. Ban taɓa jin kunya ni kaɗai ba sai ranar.

Amma ga damuwata. Ina bin zanenka lamba bayan lamba, abin da ke fita bai yi kama da na Sirajo ba ko ta wajen uwa. Inda nake tsammanin ya hau sai ya gangara. Naja'atu ta ce kamar akuya ta shiga ɗakin kwanoni. Ni dai na ce rashin gudu ne, in ya yi sauri zai haɗe, kamar yadda fanka in tana juyawa ba ka ganin lanƙwasar fiffikenta. Don haka na bar turmi a baya, ina ninka bugu biyu a kan taɓarya guda. Hannun dama ya ƙage, kafaɗa kamar an ɗora mani buhun dawa, kuma wannan ta saman da ka ce in fara da ita, siririyar nan mai kamar gashin wutsiyar doki, farce sai zamewa yake a kanta.

An ce mani Yaya Luba ta daina fitowa tsakar gida. Ɗiyarta Maimunatu ta aiko cewa ta tambaya sau biyu, "Maƙaryacin nan bai zo ba?" Ka taimake ni da sirrin gudun, Zakariyya. Na san akwai abin da kake ɓoyewa, kowane mai sana'a yana rage wani abu a aljihu.

Armiya'u.

Shinkafi,
15 ga Oktoba.

Armiya'u,

Lafiya muke. Ka yafe mani, gaisuwar ta tsaya nan.

Siririya a sama? Na karanta layin nan sau uku, sannan na tuna, na ji kamar in mari kaina. Laifina ne. Sirajo bahago ne. Luba ta hana shi ci da hagu da karɓa da hagu tun yana ƙarami, har kowa ya manta. Amma ranar da na fara miƙa mashi jita, sai ya juya ta da kanshi, wuyanta ya kalli dama. Na yi na yi ya ƙi. Ni da hannuna na kwance tsirkiyoyin na jera mashi su a juye. Na ɗauka duk dangi sun sani. Sai yanzu na gane babu ɗayanku da ya taɓa tsayawa ya kalle shi yana kaɗawa. Ta bayan katanga kunka san shi.

Sati uku kana karanta zanena a kife. Ko ka yi gudun jirgi ba zai haɗe ba.

Ka kwance su ka mai da mai kaurin sama, ka bi su a jere har siririyar ta koma ƙasa. A bayan wannan takardar na rubuta yadda za ka ɗaure su su daidaita da juna. Abin da hannunka ya koya na ƙasa da sama bai ɓace ba.

Babu abin da na rage a aljihu. Gudu ba a koyonshi, zuwa yake yi in ka daina kiranshi. Ka koma turmi.

Zakariyya.

Ƙaura Namoda,
24 ga Oktoba.

Taubashina,

Ina gaisuwa, ina yi maka fatan sauƙi. Kada ka mari kanka, hannu ɗaya ya rage maka, ka adana shi.

Ban kwance su ba. Na kama kunnen farko zan murɗa sai na ga tsatsa a gindin tsirkiyar. In ta tsinke, ina zan samo wata a wanga hali, Gusau? Wannan shi ne dalilin da na faɗa ma Naja'atu. Na gaskiyar kuwa, a jikin wuyan jitar akwai wurare huɗu da fenti ya goge, daidai inda yatsunshi ke sauka. Shekara talatin ina goge shaidar mai kaya don a saya a matsayin sabo. Wannan na kasa.

Yanzu bari in gaya maka abin da kai ma ba ka sani ba, tunda ku kuna Jangeru lokacin. Sirajo ba daga sama ya ɗauko hagu ba, wajen kawunshi ya gado. Ni ma haka anka haife ni. Innarmu ta rasu ina shekara huɗu, Yaya Luba ta riƙe ni, ita kuma lokacin ba ta fi sha uku ba. In an aje tuwo sai ta ɗaure mani hannun hagu a baya da ɗankwalinta, wani ja mai ɗigon fari. In na miƙa hagu zan karɓi abu, ludayi a kan yatsu. Tana dukana tana kuka, wai kada a ce marayan gidanmu ba shi da tarbiyya. Cikin shekara guda na zama na dama, har na manta.

Sai na juya jitar, wuya ya kalli dama, na sa farce a hagu. Zakariyya, ban san yadda zan gaya maka ba. Kamar ka buɗe ɗakin da anka rufe shekara arba'in da biyar ka tarar mai ɗakin yana zaune yana jiranka. Wuyan hannun ya saki da kanshi. Ƙasa, sama, ba gardama. Na bi layin farko na zanenka, sai ga kiɗan yaron nan ya fito, a hankali kamar mai ciwo ya fara takawa, amma shi ne. Naja'atu ta tsai da taɓarya. Ni kuma na shiga shago na rufe ƙofa, na ce ƙura ce ta shigar mani ido.

Sai dai an koma farko. Yatsun dama ba su da kanta, jini suke. Kuma akwai wuri guda a layi na uku, inda ake tsallake tsirkiya ɗaya a faɗa ta gaba da bugun sama, kullum nan nake tuntuɓe. In na zo wurin sai in tsaya, in koma baya, in sake. Tsakuwa ba ta taɓa wuce shida ba.

Maimunatu ta sake aikowa. Na ce a ce mata ina tafe. Amma na riƙe maganarka, ba zan kai shi gaban kowa ba sai hannu ya nuna. Matar nan ta san ni da kawo kaya rabi da rabi tun ina yaro. Wanga karon cikakke zan kai mata, da gudunshi, ko da zai ɗauke ni wata guda.

Armiya'u.

Shinkafi,
28 ga Oktoba.

Armiya'u,

Muna lafiya. Ka ji ni da kyau.

Da na ce mutane, 'yan zaman shagonka nake nufi, masu sa ka yi gaggawa don su tafa maka. Luba ba ta cikinsu. Wa ya ce maka tana da wata guda? Gudun da ka ji ta bayan katanga, shekara biyar yaron ya yi kafin ya same shi. Wurin nan na layi na uku kuwa, shi ma nan ya fi daɗewa. Har ya rasu in bai nutsu ba yana tuntuɓe a wurin.

Ka naɗe ta cikin buhu ka shiga motar farko. Ko tsakuwa biyu ce, ka tafi da ita haka nan.

Tambari ya ce hanya ba ta da kyau kwanan nan, ban san yaushe wannan za ta iso ka ba. Allah shi sa ta riga.

Zakariyya.

Ƙaura Namoda,
21 ga Nuwamba.

Zuwa ga ɗan'uwana Zakariyya.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. Mu mun dawo lafiya. Yaya Luba Allah ya yi mata rasuwa ranar Alhamis, sha ɗaya ga wata, bayan azahar. Allah shi jiƙanta, shi haɗa ta da ɗanta a inda babu tare hanya. Na san babu wanda ya kawo maka labari, shi ya sa na fara da shi.

Takardarka ta ashirin da takwas sai shekaranjiya na same ta. Motoci sun yi sati uku ba su bi hanyarku ba, tana cikin aljihun Tambari har ta yi laushi. Da ta zo kan lokaci da na samu kwana goma tare da ita. Biyu na samu. Ba laifinka ba ne, ni na karanta abin da ya yi mani daɗi.

Abin da ya tashe ni, mijin Maimunatu ne ya zo da kanshi ranar Talata. Ya ce ta daina karɓar ko kunu. Ya ce, "Kawu, in kana da abin kawowa ka kawo, in babu ka zo hannu sake." Na shiga mota da buhu a kan cinya. A shingen hanya wani soja ya ce in buɗe. Ya ga jita, ya ga furfurata, ya ce, "Baba, biki za ka?" Na ce eh.

Na same ta ta koma kamar tsinke. Ta buɗe ido ta ce, "Maƙaryaci, ka iso?"

Na ce, "Na iso, Yaya. Amma gaskiya ban gama iyawa ba."

Ta ce, "Yau kuma gaskiya ake ji?"

Na fara kwance buhu sai ta ɗaga yatsa. "Ba nan ba. Ni ban taɓa ganin abin nan ana kaɗa shi ba, ba kuma yau zan fara ba. Ka je inda yake zama."

Na zagaya bayan rumbu. Akwai wani dutse a wurin, samanshi ya yi santsi. Tagar ɗakinta tana kai tsaye, taku biyar. La'asar ta yi sanyi, kaji na tono a gefena. Babu turmi, sai na bi bugun ƙirjina, shi kuma ba ya tafiya daidai. Na yi layin farko. Na yi na biyu. Na zo na uku na faɗi. Na koma baya na sake, na faɗi. Na sake. Zufa ta jiƙa mani riga. Ina ce ma raina, ka zo ka kunyata gaban mai mutuwa, ga shi ko rabin gudun babu. Sau bakwai ina faɗuwa a wuri guda.

Sai na ji murya ta taga. Wallahi Zakariyya ba muryar mai ciwo ba ce, muryarta ce ta da, wadda ke tsinka gida biyu.

"Kai Sirajo! Kullum wuri guda, kullum wuri guda! In ba ka iyawa ka aje ka zo ka ci abinci, tuwo na sanyi!"

Farce ya faɗi daga hannuna. Maimunatu ta leƙo ta bayan rumbu, fuskarta sharkaf, tana yi mani alama da hannu in ci gaba. Na lalubo shi cikin ƙasa na ci gaba. Na faɗi a wurin, na sake, har anka kira magariba.

Daga baya Maimunatu ta gaya mani. Kiɗan mai gudun a gidajen biki Sirajo yake yinshi, can inda uwar ba ta taɓa zuwa ba. Ni ma da na ji shi, ranar wani suna ne, ina wajen katanga ina jin kunyar a ce ɗan yayata ne. Bayan rumbu koyo kawai yake yi. Abin da ta sha ji shekara bakwai ke nan, a hankali, da tuntuɓe, da komawa baya. Abin da nake da shi tun ranar da na juya jitar. Sati biyu da kwana biyu na zauna a Ƙaura ina gyaran kayan da mai shi ke so yadda yake.

Da na shiga ɗakin ta san ni sarai. Ta sha kunu cokali huɗu. Ta ce in matso, ta kama hannuna na dama ta shafa kantar yatsun, ta sake shi. Ta ce, "Ba wannan ba. Ɗayan." Na miƙa mata hagu, karo na farko tun ina shekara huɗu. Ta riƙe shi a ƙirjinta ta daɗe.

Ta ce, "Da wanga ka kaɗa?"

Na ce, "Da shi."

Ta ce, "Sirajo ma?"

Na ce, "Shi ma, Yaya."

Ta lumshe ido.

Laraba na sake zama kan dutsen, ba ta yi faɗa ba, amma Maimunatu ta ce idonta a buɗe yake har na gama. Alhamis ta tafi.

An ce za a buɗe kasuwa, sabis ma wai yana hanya. Ko ya dawo kada ka kira ni kan wanga zance, ba zan iya da baki ba. Jiya wani ya ga jitar a shago ya tambaya, na ce ba ta sayarwa ba ce, ya yi dariya ya ce yau Armiya'u ke faɗin haka.

Da safen nan Naja'atu ta yi daka, na zauna. Tsakuwa goma sun ƙetare, har layi na uku, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na duba in gaya ma wani, sai na ɗauko biro. Ka ce in goma sun cika a ƙara sauri. Ka yi haƙuri malam, ban ƙara ba. Na mai da su gefe guda na sake farawa a hankali.

Naka,
Armiya'u.